Yo-yo: Wasan Da Ke Yaudarar Ido

Wanda duk ya ga gwani yana wasa da yo-yo, sai ya ɗauka siddabaru ne. Alhali kuwa abin bai wuce 'yan faya-fayai biyu ba, da ɗan ƙaramin itace ya haɗa su a tsakiya, da zare da aka naɗe. A ganina tarihin wannan abin wasa ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin abin da ido ya gani da abin da hannu ya sani.

Wasan tsoho ne. Akwai zanen wani yaro yana yinsa a jikin wani kaskon Girkawa na wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa. A ƙarshen ƙarni na 18 kuma manyan Faransa sun yi yayinsa. Amma duk tsawon wannan zamani ɗaure zaren ake yi tamau a jikin itacen, saboda haka abin ya sauka ya hau ne kurum, kamar guga a rijiya.

Canji ya zo ne a 1928, sa'ad da wani mutumin Filifin mai suna Pedro Flores ya buɗe masana'antarsa a Santa Barbara ta ƙasar Amurka. Shi zaren nasa ba ɗaure yake ba, zarge yake, watau itacen yana iya juyawa a cikin zargen. In aka jefa da ƙarfi, sai yo-yo ya tsaya a ƙasa yana ta juyi kamar mazari, har sai an fizge shi. Wannan shi suke kira barci, kuma daga gare shi yawancin dabarun suka fito.

Ba a daɗe ba wani ɗan kasuwa, Donald Duncan, ya sayi sana'ar. Shi ne ya gane inda riba take. Ya ɗauki gwanaye, da yawansu 'yan Filifin, suna bin garuruwa suna nuna wa yara yadda yo-yo ke tafiya a ƙasa kamar kare a igiya, ko yadda ake harɗa zare a yatsu ya yi lilo kamar jariri. Waɗannan su ke sa baki buɗe, amma yaron da ya iya barci zai koye su a yini guda. Mai kallo ya yi mamaki, ya saya, ya gwada, ya iya, ya jawo abokinsa. (Labarin da aka riƙa bazawa wai makamin farauta ne a Filifin, shi ma dabarar ciniki ce, ba shi da madafa.)

To, ina wuyar take? Tana wajen da ɗan kallo ba ya tafawa: a wurga yo-yo gaba, ya dawo, a sake juya shi da wuyan hannu ba tare da an kama ba, a yi ta maimaitawa. Ga ido abu ne maras armashi, amma kuskure kaɗan ya karkace. Shi ya sa in gasar Duncan ta yi kunnen doki, da yawan wannan zagayen ake raba gardama. Gasar duniya ta farko, a Landan cikin 1932, yaro ne ɗan shekara 13 daga Kanada, Harvey Lowe, ya cinye ta.

Daga wajen 1990 aka fara sa boris a tsakiyar yo-yo, barcin 'yan daƙiƙoƙi ya koma na mintoci. Sabon shiga ya sami sararin saƙa zare iri-iri, masu kallo suna ta mamaki. Zagayen nan da hannu biyu kuwa, boris bai rage masa wuya ba sai kaɗan.