Ɗaya Ne Ko Tamanin da Biyu? Tarihin Raɗa wa Ƙudan Dutse Suna a Afirka



Abin da zan yi magana a kansa yau wani ɗan ƙwaro ne wanda da wuya a sami mutum goma a zauren nan da suka taɓa lura da shi. Masana suna kiran rukuninsa Plecoptera, mu kuwa bari mu kira shi ƙudan dutse, domin ƙuruciyarsa duka a ƙarƙashin duwatsun rafi yake yin ta, ko da yake ba shi da dangantaka ta kusa da ƙudan gida. Ɗansa yana da jela biyu kamar zare, yana rarrafe a cikin ruwa mai gudu, mai sanyi, mai wadatar iska. In ya balaga sai ya hau dutse ya yi saɓa, ya fito da fukafukai huɗu waɗanda yake kwantarwa a gadon bayansa. An san nau'insa fiye da 3,500 a duniya, ana kuma samunsa a kowace nahiya in ban da Antatika. Da yake ba ya jure ƙazanta, masu binciken lafiyar ruwa sukan ɗauki ganinsa a rafi a matsayin shaidar tsabta.

Kusan kowace shekara akan ji an ce an gano sabon nau'in wannan ƙwaro. To, mene ne ma'anar "sabo" a nan? Ƙwaron dai ya riga kakannin kakanninmu zama a rafinsa. Abin da ake nufi shi ne wani masani ya yanke hukunci cewa wannan bai yi daidai da ko ɗaya daga cikin waɗanda aka riga aka raɗa wa suna ba. Shi kuwa hukunci irin wannan yana da tarihi, yakan kuma juya, kamar yadda labarin ƙudan dutsen Afirka zai nuna mana.

Ƙa'idar sunayen dabbobi ta soma lissafi ne daga shekarar 1758, lokacin da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae. A nan ne kowace dabba ta sami suna mai kalma biyu, ta farko ta dangi, ta biyu ta nau'i. Shi kansa Linnaeus bai ware ƙudan dutse ba, sai ya cuɗe shi da waɗansu ƙwarin ruwa a ƙarƙashin sunan Phryganea. Bafaranshe Geoffroy ne ya fitar da dangin Perla a 1762, sa'an nan a 1839 Bajamushe Burmeister ya ba rukunin duka sunan Plecoptera. A wannan shekara ta 1839 ɗin ce kuma wani Baturen Ingila, Edward Newman, ya bayyana wani ƙudan dutse daga Afirka ta Yamma, ya sa masa suna spio. Ku riƙe wannan suna, za mu komo kansa. Daga baya an shigar da shi cikin dangin Neoperla, wanda Ba'amurke James Needham ya kafa a 1905, dangin da ake samu a Asiya da gabashin Amurka ta Arewa da kuma yankin zafi na Afirka, har da Nijeriya.

A farkon ƙarni na ashirin ƙwari suka yi ta kwarara daga ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka zuwa gidajen adana kayan tarihi na Turai, a bushe, an soke su da allura. Masana irin su Klapálek da Enderlein da Navás suka riƙa duba launin jiki da girma da zanen jijiyoyin fiffike, suna raɗa suna. Wani lokaci ƙwaro ɗaya tak ne a gaban mutum, wanda ya riga ya koɗe, mutumin kuma bai taɓa ganin kogin da aka kamo shi ba. A haka sunayen Neoperla na Afirka suka taru har suka doshi talatin, alhali kuwa in an ba ka ƙwaro a hannu, ba yadda za ka yi ka tabbatar da wane suna ne nasa.

Wanda ya yi ƙoƙarin warware wannan rikici shi ne Noel Hynes, masanin halittun ruwa daga Ingila, wanda a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin yaƙi da fara a gabashin Afirka. A 1952 ya buga sakamakon bincikensa. Ya lura cewa launi da girma da jijiyoyin fiffike suna sauyawa sannu a hankali daga wannan ƙwaro zuwa wancan, babu inda za a ja layi a ce nan wani ya ƙare wani ya soma. Saboda haka ya yanke cewa duka nau'i ɗaya ne mai yawan sauya kama. Bisa ƙa'idar fifita sunan da ya riga zuwa, sai sunan Newman ya haɗiye sauran, kowa ya zama Neoperla spio. A ganina Hynes ya yi gaskiya da ya ce alamomin magabatansa ba abin dogara ba ne. Inda ya zame shi ne da ya ɗauka tun da waɗannan alamomi sun gaza, to, babu bambancin ke nan.

Wannan hukunci ya yi daɗi ga masu aikin ruwa, domin duk ɗan ƙudan dutsen da aka kamo daga Saliyo har Kenya sunansa ɗaya, ba sai an wahala ba. Rahotanni da yawa sun ci gaba da rubuta sunan nan shekara da shekaru.

A cikin shekarun 1970 Peter Zwick, wanda ya daɗe yana aiki a tashar binciken koguna ta Schlitz a Jamus, ya mai da hankali ga inda ba a saba dubawa ba. A cikin al'aurar namiji akwai wata 'yar jaka wadda in an bi ta a hankali aka juyo cikinta waje, sai a ga ƙayoyi ƙanana a jere, kowane nau'i da irin jerinsa. Mace ma tana da ma'ajiyar maniyyi mai siffa ta daban. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne ƙwai: a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ɓawon wani sumul yake, na wani yana da kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, na wani kuma ramuka ne. A 1980 Mike Picker na Afirka ta Kudu shi ma ya kawo hujjar cewa spio tarin nau'o'i ne da aka rufe da suna guda.

Amma gane kuskure daban, gyara shi daban. Kafin masani ya ce ya sami sabon nau'i, wajibi ne ya koma ga ainihin ƙwarin da aka ɗora tsofaffin sunaye a kansu, ya bi su gidajen adana kayan tarihi ɗaya bayan ɗaya, ya tabbata nasa bai dace da ko ɗaya ba. Sa'an nan ya zaɓi ƙwaro guda ya zama madogarar sabon sunan, ya faɗi inda aka ajiye shi, ya bayyana abin da ya raba shi da 'yan uwansa, ya buga inda kowa zai iya samu. Ga kuma wata matsala: in an kamo namiji da mace a jikin fitila ɗaya da dare, yaya za a san nau'insu ɗaya? Nan ne sinadarin gado da ake kira DNA ya taimaka, musamman bayan 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawarar a riƙa gwada wani ɗan guntunsa mai haruffa wajen 650 don bambance dabbobi.

Sai a 2023 aikin ya kammala. Peter Zwick da Andreas Zwick suka buga bitar Neoperla na Afirka a mujallar Zootaxa, inda suka haɗa shaidar siffa da ta DNA. Sun tabbatar da nau'i 82, daga ciki 62 sababbi ne da ba su da suna a da. Watau abin da aka ƙirga kusan talatin, aka dawo aka ce ɗaya ne, ya koma tamanin da biyu.

Ma'aikatan da ke nan suna iya tambaya, ina ruwan mai sa hannu a takardar gina madatsar ruwa da wannan lissafi? Ruwansa shi ne, in nau'i ɗaya ne ya bazu a nahiyar duka, mutuwar rafi guda ba ta rage kome ba. In kuwa nau'o'i ne masu yawa, waɗansu ba a san su ba sai a wuri ɗaya ko biyu, to, dagwalon ma'adinai ko sare itatuwan bakin rafi yana iya shafe wani baki ɗaya. Saura kuma aiki guda babba: sunayen nan an ɗora su ne a kan manyan ƙwari masu fukafukai, shi kuwa mai binciken ruwa 'ya'yan yake kamowa a ƙarƙashin dutse, kuma mafi yawansu har yanzu ba a haɗa su da iyayensu ba.