Ginin Ƙasa Da Yaɓe Yake Rayuwa

Daga nan Tsiga nake gaishe ku. Yau tsofaffin gine-ginenmu za mu taɓa, amma bari mu fara leƙa waje.

A ƙasar Japan akwai wurin bauta mai suna Ise. Duk shekara 20 sai su sake gina shi sabo fil da katako, na baya-bayan nan a 2013. Kun ga kafin tsohon kafinta ya kwanta dama, yaronsa ya riga ya iya.

To mu ma mun gaji irin wannan. Ganuwar Katsina da Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da tubali da ƙasa aka yi su. Ginin ƙasa kuwa, damina na wucewa sai yaɓe. Da can magina ke ja gaba, jama'a su fito gayya. Da Turawa suka shigo a 1903, aka daina tsoron hari, sai ganuwa ta rasa mai kula. Ruwa ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa suka ci nasu, masu gidaje suka ƙarasa. Gobarau ta tsira ne don ana gyara ta.

Abin da ke damuna, daga Bakori har Maska, matasa nawa suka iya murza tubali ko jera azara? In magina suka ƙare, ko an ware kuɗin gyara, wa zai yi?

In akwai tsohon magini a unguwarku, don Allah ku je ku zauna da shi, ku naɗi bayaninsa a waya.

Sai mako na gaba, in Allah Ya kai mu.