Garantin Mako Guda: Tarihin Kwamfutar Gwanjo a Sakkwato

A watan Janairun 1824 wani hafsan sojan ruwa na Birtaniya, Hugh Clapperton, ya shiga Kano a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da ya rubuta game da kasuwar birnin akwai wata al'ada da ta ƙayatar da shi. Idan falke ya sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe, ya kai Barno ko wata ƙasa mai nisa, aka kwance aka tarar kayan ba su kai yadda aka faɗa ba, sai a maido su, domin an rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi. Dillali ya nemo mai kaya, mai kaya ya mayar da kuɗi.

Shekara ɗari biyu bayan haka, kaya sun juya akala. Laftof ɗin da malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ke saya yau a wani shago a titin Ahmadu Bello ko titin Sarki Yahaya a Sakkwato ya fito ne daga wani ofis a Landan ko Amurka, ya ratsa teku, ya sauka Legas, ya bi hannu uku ko huɗu kafin ya iso. Babu sunan kowa a cikin ƙunshinsa. Abin da mai saye ke riƙewa shi ne rasit, da alkawarin baki cewa in wani abu ya faru cikin mako guda ya dawo. Tarihin kwamfuta mai araha a wannan birni, a taƙaice, tarihin tambaya ɗaya ce: idan ɓoyayyen aibi ya bayyana, wa zai ɗauki asara?

Sakkwatawa da yawa sun fara taɓa kwamfuta ne ba a gidajensu ba. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da na sauran manyan makarantun birnin suna kai kundin bincikensu shagunan buga takardu, inda kwamfutar tebur ɗaya da firinta ɗaya ke ciyar da gida guda. Wayar salula ta zo a 2001, shagunan intanet suka biyo baya, hukumomin jarrabawa suka mayar da rajista da duba sakamako kan intanet. Buƙata ta taso, amma sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin albashin mafi yawan ma'aikata.

An yi ƙoƙarin cike giɓin daga sama. A 2001 Leo Stan Ekeh ya ƙaddamar da kwamfutar Zinox mai alamar naira a kan madannanta. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin sayar wa ma'aikata kwamfuta a biya kaɗan-kaɗan. A 2007 aka gwada koren laftof ɗin nan na yara, wanda Nicholas Negroponte ya yi alkawarin zai tsaya a dala 100, a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Duk waɗannan sun sami kanun jarida. Amma wanda ya sa kwamfuta a hannun talaka da matsakaicin ma'aikaci shi ne ɗan kasuwar unguwar Otigba a Ikeja, wurin da aka sani da Computer Village, da takwaransa na Alaba. Kayansu su ne Yarabawa ke kira tokumbo, wato abin da ya ƙetaro teku, Hausawa kuma suka ce gwanjo, ko Beljiyam, ko ɗan Landan.

Wane irin kaya ne ke cikin kwantenonin? A watan Oktoban 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka ta fitar da rahoton bincikenta a Legas. Ta ce kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka kowane wata, abin da ya kai na'ura 400,000, kuma 'yan kasuwar da kansu suka shaida mata cewa har kashi 75 cikin ɗari na iya zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Shekara goma bayan haka, masu bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinsu na Nijeriya suka zauna a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 suna duba kaya. Sun ƙiyasta tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki, kuma mafi yawansu an cuso su ne cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su. Hakan kuwa bayan hukumar NESREA ta fitar da dokar hana shigo da matattun kayan lantarki tun 2011.

A nan nisa ke fara aiki. Ana buɗe kwantena a Legas, manyan dillalai su zaɓi na zaɓe. Abin da ya rage ya nufi Arewa, wani kaso ya tsaya Kano, a titin Beirut da kasuwar Farm Centre, inda ake sake tankaɗe da rairaya. Ɗan kasuwar Sakkwato, wanda ke kimanin kilomita 1,000 daga bakin teku, ko dai ya tafi da kansa, ko ya aika kuɗi a ɗoro masa a motar dare. Shi ma da gajeren garanti ya saya, wani lokaci ma ba a kunna masa ba, kuma kwanakin garantin suna ƙarewa kaya na kan hanya. Saboda haka makon da yake bai wa mai saye ba lallai rowa ba ce. Iyakar abin da zai iya ɗauka ke nan daga aljihunsa, tunda babu wanda zai juya ya kama a bayansa.

Mako guda kuwa ya isa ya tona wasu aibubbukan, amma ba manyan ba. Misalai biyu sun shahara a tarihin masana'antar. Tsakanin 2003 da 2005 kamfanin Dell ya sayar da miliyoyin kwamfutocin tebur samfurin OptiPlex masu ɗauke da wasu ƙananan ma'ajiyan lantarki da ke kumbura su tsiyaye, har ya ware dala miliyan 300 don gyara. A 2008 kamfanin Nvidia ya amsa cewa wasu ƙwaƙwalen hotonsa da ke cikin laftof-laftof, ciki har da na HP Pavilion, suna lalacewa saboda zafi, ya ware kusan dala miliyan 200. Mai saye na farko a Amurka ya sami gyara ko canji. Mai saye na uku a Afirka bai ma ji labarin ba. Masu gyara a ko'ina a duniya sun san dabarar da ake yi wa irin wannan laftof: a hura wa ƙwaƙwalwar iska mai zafi, dalma ta sake kamawa, allo ya haska. Yana iya yin wata ɗaya ko biyu lafiya lau. Garanti ya riga ya wuce.

Sai kuma abin da Sakkwato da kanta ke yi wa na'ura. Mafi yawan laftof an ƙera su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu birnin kan haura 40. Batirin litiyam yana tsufa da sauri a zafi, kuma na gwanjo ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Ƙurar hunturu tana toshe fanka. Wutar NEPA, wadda sunanta ya koma PHCN a 2005 kafin rarraba ta a wannan yanki ya koma hannun kamfanin Kaduna Electric, takan zo da rauni ko da ƙarfin da ya wuce kima, ƙaramin janareto ma haka. Don haka idan laftof ya mutu a rana ta goma, gardamar da ke tashi a shago kusan kullum iri ɗaya ce. Mai saye ya ce da ciwonsa aka sayar masa. Mai shago ya ce wuta ce ta ƙone shi. Sau da yawa kowannensu na da rabin gaskiya.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya yi karatun zaure a Sakkwato. Risala da Muhtasar, littattafan fiƙihun Malikiyya da aka daɗe ana karantarwa a birnin, sun ba mai saye zaɓi idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa: ya riƙe kaya ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Malamai sun bambanta aibin da ya riga ciniki da wanda ya auku a hannun mai saye, suka ce idan an yi saɓani a koma ga masana sana'ar su duba. Sun kuma ƙuntata wa mai sayarwa damar cewa ya kuɓuta daga kowane aibi, ballantana wanda ya sani ya yi shiru. A kasuwar kwamfuta, masanin sana'ar shi ne mai gyara. Shi ya sa gogaggen mai saye ba ya zuwa shago shi kaɗai. Yakan tafi da mai gyaran da ya yarda da shi, ya duba lafiyar batir da rumbun ajiya, ya leƙa kusoshi ko an taɓa kwance su, a ba shi ɗan abin goro. Matsalar ita ce mai gyaran nan kan karɓi la'ada daga shagon ma. Dillalin zamanin Clapperton aƙalla sunansa na cikin ƙunshi.

Dokar zamani ma ba ta yi shiru ba. Tun 1992 aka yi dokar kafa majalisar kare masu saye, kuma a farkon 2019 aka sa hannu kan sabuwar doka da ta haifar da hukumar FCCPC, wadda ta ba mai saye haƙƙin mayar da kaya masu aibi. Duk da haka rasit-rasit da yawa har gobe suna ɗauke da gargaɗin cewa ba a mayar da kuɗi bayan biya. Kaɗan ne ke kai ƙara hukuma a kan laftof. Abin da ya fi aiki shi ne kai kuka wurin shugabannin kasuwa, ko wurin dattijon da ya san mahaifin mai shago, a yi sulhu a raba asara.

Kayan haɗi kuwa labarinsu daban ne, kuma ta wata fuskar ya fi muni. Laftof na gwanjo tsoho ne amma na asali. HP EliteBook ko Dell Latitude ko ThinkPad da wani banki ya yi shekara uku ko huɗu da shi ya fi sabon laftof mai araha ƙwari, kuma masu saye sun gano haka da kansu ba tare da talla ba. Caja da filash da batir kuwa sababbi ne fil a leda, amma da yawansu jabu. Tun 2005 hukumar SON ke buƙatar shaidar inganci kafin a shigo da kaya, jabun bai daina shigowa ba. Filash na jabu yana da wayo na musamman: an sauya masa bayanin cikinsa, ya nuna gigabait 64 alhali 8 gare shi. Yana karɓar fayil ba musu, sai dai duk abin da ya haura ainihin cikinsa ya lalace, kuma ba a ganewa sai ranar da aka zo buɗewa. Ɗalibi nawa ya rasa babin kundinsa ta wannan hanya, babu mai lissafi. Cajar jabu an rage mata sassan da ke tace wuta, shi ya sa linzamin laftof ke rawa idan an jona ta, kuma ita ce kan kashe uwar allon da ake ɗora wa NEPA laifi. Caja ta asali ko da tsohuwa ce ta fi nauyi a hannu, masu saye suka koyi auna ta, masu jabu su ma suka koyi cusa ƙarfe a ciki.

Akwai wata 'yar asara da ba a cika lissafawa ba. Madannan gwanjo suna zuwa da harshen ƙasar da suka fito: na Ingila da alamar fam, na Jamus an musanya Y da Z, na Faransa, waɗanda aka fi gani a tsallaken Illela wajen Ƙonni, sun fara da A a inda aka saba ganin Q. Babu mai ɗauke da ɓ, ɗ ko ƙ. Wani kamfani, LANCOR, ya ƙera madannan Konyin da ke buga haruffan harsunan Nijeriya, har ya kai masu koren laftof ɗin yara kotu a 2007 bisa zargin kwaikwayon fasaharsa, amma madannan ba su yaɗu a kasuwa ba. Tsara guda ta marubuta Hausa ta saba rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya, ba don jahilci ba.

Daga 2015, da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, buƙata ta ƙaru: cibiyoyin jarrabawa na sayen na'urori da yawa a lokaci guda, iyaye na neman wadda yaro zai koyi danna linzami. A daidai lokacin naira ta fara zamewa. Dala da ke wajen naira 160 a 2014 ta kusa 300 a tsakiyar 2016, bayan sakin naira a Yunin 2023 kuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da a da ke sayen laftof mai shekara huɗu ya koma sayen mai shekara takwas ko goma. Kasuwar na hannu, wato wanda aka riga aka mora a cikin gida, ta bunƙasa, a can kuwa ko makon ma ba kullum ake samu ba.

Wata igiyar tana tafe. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan na'urorin da ƙwaƙwalwarsu ta girmi zuriya ta takwas ta Intel, wato waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen 2017. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 240 ne wannan zai iya mayarwa shara. Ofisoshin Turai da Amurka suna fitar da su, kuma an san inda irin waɗannan kaya ke nufa. Za su iso Sakkwato da kyan gani, da batir mai ɗan dama, da farashi mai daɗi. Da yawa za a ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, ta yadda mai saye zai ga sabon tambari a allo ya natsu, alhali kamfanin ya ce ba ya lamunce wa irin waɗannan na'urori sabuntawar tsaro. Wannan aibi ba ya kumbura, ba ya zafi, ba ya hana allo haskawa a mako na farko ko na hamsin. Ana gane shi ne kawai ta lambar ƙwaƙwalwar da ke cikin bayanan na'ura, kuma har yanzu tambayar da aka fi yi a shago ita ce ko Core i5 ne ko i7, ba zuriya ta nawa ba.