Ladan da Hasumiya Kafin Zuwan Lasifika

Sa'ad da sahabbai suka yi shawara a Madina, jim kaɗan bayan Hijira, game da abin da zai tara jama'a salla, har aka ambaci ƙaho da kuge da hura wuta, daga bisani muryar ɗan Adam aka zaɓa, aka ɗora aikin a kan Sayyidina Bilal, Allah ya ƙara masa yarda, saboda tasa ta fi kaiwa nesa. Yakan hau soron wata mata ta Banu Najjar, domin babu soron da ya kai shi tsawo a kewayen masallaci.

Hikimar hawan kuwa ita ce, shi sauti girgiza ce da ke bin iska, wani sashe na tura maƙwabcinsa, yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa. Ikhwanus Safa, malaman Basra na ƙarni na 10 Miladiyya, sun kwatanta yaɗuwarsa da kumburin kwalba a bakin mai hura gilashi, suka ce gwargwadon faɗaɗarsa gwargwadon rauninsa. To, idan ladan na ƙasa, katangu da zauruka da turɓaya kan tare mafi yawan kiran; idan kuwa ya hau, sai muryar ta ƙetare rufin gidaje ta sauka tsakar kowane gida. Saboda haka Agadas ta ɗaga hasumiyarta ta laka wajen 1515, aka sabunta ta a 1844, tsawonta kamar mita 27, Katsina kuma ga hasumiyar Gobarau. A Alƙahira ma a da har makafi akan fifita a ladanci, don kada mai hawa ya hangi matan mutane.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kiran assalatu, wanda ya fi na azahar nisan zango, ba don shirun gari kaɗai ba. Da asuba iskar da ke dab da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti kuwa ya fi gudu cikin ɗumi, sai ya tanƙwaro ya koma ƙasa; da rana tsaka al'amarin kan juye, ya bauɗe sama ya ɓace.

A 1936 aka ɗaura lasifika a Masallacin Sultan na Singafo, sannu a hankali ta game duniyar Musulmi. Yau ladan daga ƙasa yake kira, lasifikar ce ke hawa hasumiya.