Daga Almanaka zuwa Intanet: Tarihin Neman Bayani a Unguwar Jamaica ta New York

Jamaica unguwa ce a gundumar Queens ta birnin New York, kuma ba ta da alaƙa da tsibirin nan mai irin sunanta. Sunan ya samo asali ne daga harshen ƙabilar Lenape, mutanen da Turawa suka tarar a wurin. An kafa garin a 1656 da izinin gwamnan mulkin Holan, Peter Stuyvesant, aka kira shi Rustdorp, kafin Ingilishi su karɓe yankin a 1664. A yau nan ne babban laburaren Queens yake, inda ɗalibai da 'yan jarida da baƙi ke zuwa neman alƙaluma da ranakun tarihi da amsar ƙananan tambayoyi. Wannan al'ada ta neman tabbataccen bayani ta bi matakai huɗu: almanaka, jarida, laburare, sannan intanet.

A farkon lamari Jamaica garin manoma ne, kuma littafin da manomin Amurka ya fi dogara da shi a wancan zamani shi ne almanaka. Ba irin ta bango ba ce da aka sani a ƙasar Hausa. Ɗan littafi ne da ke fitowa shekara-shekara, ɗauke da lokacin fitowar rana da faɗuwarta, da kwanakin wata, da lokacin shuka, da ranakun bukukuwa, ana kuma cike gurbi da karin magana da abin dariya. Aikinta ya yi kama da na malaman hisabi da ke lissafin taurari don sanin shigowar damina da hunturu. Benjamin Franklin ya fara buga tasa a 1732, wadda kuma ake kira Old Farmer's Almanac ta fara fitowa a 1792, har yanzu ba ta daina ba.

Alƙaluman hukuma sun zo ne da tsarin mulkin ƙasar na 1787, wanda ya wajabta ƙidayar jama'a duk shekara goma. An yi ta farko a 1790. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a tsarin mulkin, Rufus King, ya sayi gida a Jamaica a 1805, kuma gidan na nan an mai da shi gidan tarihi mai suna King Manor. Daga 1878 gwamnati ta fara tattara alƙaluman noma da ciniki da yawan jama'a cikin kundi guda mai suna Statistical Abstract of the United States, wanda ya zama madogarar duk mai son kafa hujja da lamba.

Jarida ce ta kai irin wannan bayani gidajen talakawa. A 1821 aka kafa jaridar Long Island Farmer a Jamaica, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama Long Island Press mai fitowa kullum, har ta rufe a 1977. A can cikin birni kuwa jaridar New York World ta fitar da World Almanac a 1868. Almanakar ta tsaya na wasu shekaru, sai mai jaridar, Joseph Pulitzer, ya farfaɗo da ita a 1886. Cikinta mai karatu kan sami sakamakon zaɓe, da tsawon koguna, da sunayen shugabannin ƙasashe, da tarihin gasar wasanni, saboda haka da ita ake raba gardama a gida da shago da ofis.

Mataki na uku shi ne laburare. Tushen laburaren Queens shi ne wanda aka kafa a Long Island City a 1896, shekara biyu kafin Queens ta shiga cikin birnin New York a 1898. Attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da dala 240,000 aka gina rassa bakwai a gundumar. A 1930 aka buɗe babban gini a titin Parsons Boulevard na Jamaica, sai a 1966 aka koma sabon gini a Merrick Boulevard, inda yake har yanzu. Tun 1912 laburaren ke da sashe na musamman mai adana taswirori da hotuna da tsofaffin jaridu da takardun iyalai na yankin Long Island, wanda shi ne ma'ajiyar tarihin Queens.

Zuciyar irin wannan laburare ita ce teburin tambaya. Littattafan da ke bayansa ba a ba da aron su, don kowa ya same su a kowane lokaci: kundin ilimi, ƙamus, taswira, almanaka, rahoton ƙidaya. Ƙa'idar ma'aikacin teburin ita ce kada ya amsa da ka, ko da ya san amsar. Sai ya buɗe littafi, ya karanta, ya faɗi inda ya samo. Da wayar tarho ta yawaita, tambayar ta daina jiran zuwan mai ita. Laburaren New York, wanda hukumarsa dabam take da ta Queens, ya buɗe sashen amsa tambaya ta waya a 1968. Ita kuwa ta Queens, ganin yadda baƙi daga ko'ina a duniya suka cika gundumar, ta ƙirƙiro shirin hidimar sababbin zuwa a 1977, tana sayen littattafai da jaridu cikin harsunansu.

Intanet ta sauya wurin da ake ajiye bayani cikin shekaru kaɗan. Wikipedia ta fara a 2001, kuma tana da sashen Hausa. A 2012 kamfanin Britannica ya sanar da daina buga kundinsa a takarda. Hukumar ƙidaya ta Amurka ta daina fitar da Statistical Abstract bayan bugun 2012, wani kamfani ya ci gaba da shi, alƙalumanta kuma suka koma shafinta, inda kowa zai iya ganin cewa ƙidayar 2020 ta sami mutum 2,405,464 a Queens. Hukumar tana da jerin bayanai mai suna Facts for Features da take fitarwa dab da bukukuwa, domin 'yan jarida da malaman makaranta: yawan talotalon da ake kiwo kafin bikin godiya na watan Nuwamba, ko kabewar da ake nomawa don bikin ƙarshen Oktoba, ko yawan mutanen ƙasar a ranar samun 'yancin kai idan aka kwatanta da yau. Wannan aikin almanaka ne a sabuwar riga.

Shi ma laburaren Jamaica ya bi sahu. A 2010 ya haɗa hannu da Kwalejin Queens aka fara shirin Queens Memory, mai naɗar hira da mazauna gundumar da tattara hotunansu a intanet. Mai katin laburaren na iya shiga rumbunan bayanai na kuɗi daga ɗakinsa kyauta, ko ya aika tambaya a rubuce. A 2019 hukumar laburaren ta ɗauki sunan Queens Public Library, tana da rassa fiye da 60.

Abin da ya sauya cikin wannan tarihi shi ne hanyar isar bayani, daga takarda zuwa waya zuwa kwamfuta. Ma'aunin ingancinsa bai sauya ba. Lambar da za a dogara da ita ita ce wadda aka san wanda ya ƙidaya ta, da shekarar da aka yi ƙidayar, da wurin da za a koma a duba.