Wa ke naɗa mai bulala? Tarihin dogari a Mirriya

Duk wanda ya halarci hawan salla a ƙasar Damagaram ya san dogari: babbar riga ja da tsanwa, rawani, bulala a hannu, yana share wa sarki hanya. Yaran yau na ɗaukar sa ado ne na fada. Amma a tarihinsa akwai tambayar da kowace al'umma ke fuskanta: wa ke da ikon kama mutum, kuma wa ke naɗa mai kamun?

Mirriya, da ke kimanin kilomita 20 gabas da Zinder, na cikin ƙasashen Sosebaki da suka daɗe ƙarƙashin inuwar Barno, kafin Damagaram ta mamaye su a ƙarni na 19. A wancan zamani, musamman lokacin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, doka a hannun fada take. Alƙali na yanke shari'a, amma kamo mai laifi, tsare shi da zartar da hukunci aikin dogarai ne, ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Sarki ke naɗa shi, kuma a fadojin Hausa galibi daga cikin bayin sarki ake ɗauko dogarai. Hikimar a fili take: bawa ba shi da gadon sarauta, ba shi da dangin da zai fifita, darajarsa duka a hannun ubangidansa take.

Tsarin ya fara rushewa bayan yaƙin Tirmini na 1899, da Faransawa suka shiga Zinder. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin makirci, ba su mai da sarautar ba sai a 1923. Sarakunan ƙasa irin na Mirriya suka koma sarakunan kanto, masu karɓar umurni daga kumandan. Shi kuwa kumandan yana da nasa dogaran, wato gardi, waɗanda da yawansu tsofaffin soja ne. Dokar talakan mallaka ta ba shi damar kulle mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Dogari ya koma ɗan rakiyar gardi wajen tara lanho da kamun mutanen aikin tilas, har 1946 da aka soke dokar da aikin tilas ɗin. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kwatanci zai ƙara haske. A yawancin jihohin Amurka, jama'ar gunduma ke zaɓen babban jami'in tsaronsu, sherif, shi kuma ya ɗauki mataimakansa. In sun yi zalunci, ƙuri'a na jiransa. Talakan Mirriya bai taɓa zaɓen dogari ko gardi ba. Mafitarsa kawai ya kai kuka fada, ko ya yi ƙaura.

Bayan 'yancin kai na 1960, ikon kamu ya tabbata a hannun gwamnati: jandarmomi, 'yan sanda, da magadan gardi, waɗanda aka raɗa wa suna Rundunar Tsaron Ƙasa a 2010. Dokar sarautun gargajiya ta 1993, da ta 2015 da ta maye gurbinta, sun bar wa sarki ikon sasantawa a al'amuran al'ada, kamar rikicin gona. Sarki ne har yanzu ke zaɓen dogaransa, sai dai aikinsu kai sammaci ne da tsaron fada.

Duk da haka, idan dabbobi suka yi ɓarna a gona lokacin kaka, ƙofar fada manomi da makiyayi suka fi saurin nufa, kuma dogari ake aikawa ya kira su. Ba shi da bindiga, ba shi da kurkuku. In ana amsa kiransa, don ana kyautata zaton adalci ne a wurin wanda ya aiko shi. Ranar da wannan zato ya gushe, jar riga ba za ta kawo kowa fada ba.