Tattalin arziƙin tsofaffin motoci: Yadda ake tayar da matacciyar mota da kayan gwanjo a Ɗambatta

Garin Ɗambatta, da ke arewa da birnin Kano a kan hanyar Kazaure da Daura, yana cikin yankunan da jama'a suka yi yawa kuma gona ke manne da gona. Kasuwarsa mai ci ranar Lahadi ta yi suna wajen dabbobi da hatsi, manoman rani kuma na noman tumatir da shinkafa da sauran kayan lambu a kewayen madatsar ruwa ta Tomas. Duk wannan kaya a kan taya yake isa kasuwa, kuma wasu daga cikin motocin da ke ɗaukarsa sun girmi direbobinsu: Peugeot J5, Golf, Sharon, Kanta, a-kori-kura da tsofaffin motocin haya ƙirar Toyota. Kamfanin Peugeot ya daina ƙera J5 tun farkon shekarun 1990, Golf 3 kuwa kafin shekarar 2000 aka rufe babinta a Jamus. Abin da ya riƙe su a kan titi shi ne sana'ar tayar da tsohuwar mota da kayan da aka ciro daga wata, sana'ar da ke ciyar da dubban gidaje a Arewa, wadda kuma ke da hannu a farashin abinci da yawan haɗurra a hanya.

Yadda aka kai ga haka

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun haɗa motoci guda shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, da NTM mai haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma Peugeot 504 da ta riƙa fitarwa ta zama motar gwamnati da ta ma'aikaci da ta haya gaba ɗaya. A wancan zamani ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin albashi kan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa dal.

Shirin gyaran tattalin arziƙi na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986 ya karya darajar naira. Da yake masana'antun daga waje suke shigo da yawancin sassan da suke haɗawa, farashin sabuwar mota ya wuce ƙarfin talaka, kamfanonin kuma suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Giɓin da suka bari ne motocin gwanjo na Turai suka cike, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, a Arewa kuma ake ce musu 'yan Kwatano, saboda ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin yawancinsu ke sauka, wasu su bi ta Nijar su shigo ta Maraɗi.

Daga baya ita ma 'yar Kwatano ta yi tsada. Manufar bunƙasa masana'antar motoci ta 2013 ta ɗora harajin da ya kai kashi 70 cikin 100 a kan motocin da aka shigo da su a haɗe, kafin Dokar Kuɗi ta 2020 ta rage shi. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, makonni kaɗan bayan nan aka saki naira, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Tun daga nan, direban haya a ƙauye ba ya maganar sauya mota. Maganarsa ita ce yadda zai ƙara wa wadda ke hannunsa shekaru.

Daga ina kayan ke fitowa

Cibiyar kayan gyaran mota ga Ɗambatta da garuruwan da ke kewayenta ita ce kasuwar Ƙofar Ruwa a birnin Kano. Ita kuma tana da alaƙa da manyan kasuwannin kudu, irin su Ladipo a Legas da na yankin Onitsha da Nnewi, inda kwantenoni ke saukewa. Kayan da bakanike ke zaɓa a ciki sun kasu kashi huɗu.

Na farko shi ne kayan Beljiyam: inji, giya, shokozoba, ƙofa ko fitila da aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai, Amurka ko Japan. Kanikawa da dama sun fi yarda da su a kan sababbi masu araha, domin na asalin kamfani ne. Na biyu sababbin kaya ne, galibi daga Sin da Taiwan da Indiya, waɗanda ingancinsu hawa-hawa ne, har da jabu masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni. Na uku kayan gida ne, wato waɗanda aka kwance daga motar da ta yi haɗari ko ta mutu a nan Najeriya. Sun fi araha, amma sun riga sun sha wahalar hanyoyinmu. Na huɗu shi ne abin da aka ƙera ko aka sarrafa da hannu: roba da aka yanka daga tsohuwar taya, ƙarfen da aka sassaƙa a injin tana, ko gaskit da aka zana aka yanke.

Masu aikin

Mota ɗaya kan bi ta hannun masu sana'a da yawa kafin ta tashi. Bakanike ne ke kula da inji da giya da ƙafafu. Mai waya yana bin layukan lantarki, ya sake naɗa janareton caji ko abin tayar da inji maimakon a sayi wani. Mai bugun mota ya miƙe lotsawa, mai walda ya yanke inda tsatsa ta ci ya liƙa sabon ƙarfe, mai fenti ya rufe, mai kujeru ya sake ɗinki, mai faci ya ji da taya. Kusan dukkansu a gareji suka koyi aiki, a hannun maigida, tun suna yara masu miƙo sifana, tsawon shekaru kafin a yaye su. Suna da ƙungiya ta ƙasa, NATA, amma yawancinsu ba su da takardar shaidar ƙwarewa da banki ko hukuma za ta karɓa.

Matakan tayar da mota

Gogaggun kanikawa daga ƙasa suke fara duba mota, ba daga fenti ba. Idan ƙashin bayan motar, wato shasi, ya ruɓe ko ya karkace sakamakon haɗari, duk kuɗin da aka zuba a kanta asara ce, domin ba za ta daina cin taya ba kuma ba za ta miƙe a kan titi ba. Bayan shasi sai takardu: lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke rubuce, a kuma tabbatar da takardar kwastan, don kada a ƙare gyara a tarar motar sata ce.

Sai inji. Hayaƙi mai shuɗi alama ce ta injin da ke ƙona baƙin mai, galibi saboda ringi ya cinye. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ko baƙin mai da ya koma kamar madara, na nuna ruwa ya shiga inda bai kamata ba, wato gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage. A nan mai mota ke da zaɓi biyu: a buɗe injin a sauya ringi da fistin da sauran abin da ya lalace, ko a ɗora injin Beljiyam gaba ɗaya. Na farko ya fi sauƙin kuɗi amma ya dogara ga hannun bakanike da ingancin kayan da aka sa. Na biyu ya fi sauri, sai dai saye ne na abin da ba a ga cikinsa ba, shi ya sa masu wayo ke sharaɗin kwanakin gwaji da dillali kafin su biya duka.

Akwai kuma dashe, wato sa wa mota injin wani kamfani daban. Ana yin sa idan kayan ainihin injin sun yi wuyar samu ko yana shan mai da yawa. Aikin na buƙatar a sake ƙera mazaunin inji, a daidaita shi da giya, a tabbatar lagireto zai iya sanyaya shi. Ga motar kaya, akan ƙara ganyen sifirin a baya don ta ɗauki nauyi fiye da yadda aka ƙera ta. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne ƙarfin birki, kuma daga nan matsala ke farawa.

Inda araha ke zama haɗari

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sun kuma ce araha ba ta ado. Ƙofa, gilashi, kujera, fitila, bamba, salansa, har giya da inji, duk ana iya sa na gwanjo ba tare da an jefa rai cikin haɗari ba. Idan sun gaza, mota tsayawa kawai za ta yi. Birki, taya, da sandunan da ke haɗa sitiyari da ƙafa kuwa, idan suka gaza a kan gudu, rayuka ne ke tafiya. Ƙwallon ƙafa da aka bubbuga don ya daina ƙara, ko sandar sitiyari da aka yi wa walda, gyara ne na yaudara.

Taya na da shekaru ko da zanenta bai cinye ba, domin roba na bushewa, zafin kwalta a bazara kuma na fasa ta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa taya na tashi aiki bayan shekara huɗu da ƙerawa, yawancin tayoyin gwanjo kuwa sun haura haka kafin su iso.

Wasu al'adun gareji ma na rage wa inji kwana. Cire na'urar da ke daidaita zafin inji, bisa tunanin cewa don ƙasashe masu sanyi aka yi ta, yana sa injin ƙara shan mai da saurin cinyewa. Zuba ruwan rijiya zalla a lagireto yana tara tsatsa da gishiri a ciki. Haka nan fasa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, don sayar da ƙarafa masu tsada da ke cikinta, yana barin motar tana fitar da guba a cikin jama'a.

Bayan mutuwar mota

A karkara mota ba ta mutuwa gaba ɗaya. Ƙafar baya da tayoyinta kan koma amalanken shanu da ke kai taki gona. Ganyen sifirin, da yake ƙarfe ne mai tauri, maƙera na sarrafa shi ya zama fartanya, gatari da wuƙa. Tsohuwar taya ta zama takalmi ko igiyar ɗaure kaya, tub ya zama gugan rijiya. Abin da ya saura 'yan gwangwan su auna a sikeli, a loda zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Ɓangaren da ke da illa shi ne batir da baƙin mai: fasa batir da hannu yana watsa dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara, baƙin man da aka zubar a ƙasa kuma na iya gangarawa cikin rijiyoyi a yankin da gidaje da gonaki ke haɗe.

Doka da manufa

Hukumomin da ke da ruwa da tsaki suna da yawa: kwastan a kan shigo da kaya, SON a kan inganci, jami'an VIO a kan lafiyar mota, FRSC a manyan hanyoyi, KAROTA a jihar Kano, da NADDC mai kula da bunƙasa masana'antar motoci. Ƙorafin da direbobi suka fi yi shi ne sun fi haɗuwa da hukuma a wurin tara da karɓar haraji, ba a wurin gwajin birki ba. Takardar shaidar lafiyar mota da aka bayar ba tare da an duba motar ba ba ta kare kowa.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a Oktoba 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. A shekarar ne ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'idojin bai-ɗaya kan shekaru da hayaƙin motocin da za a shigo da su. Amma tsaurara doka ba tare da samar da madadin da talaka zai iya saye ba yana ƙara wa tsofaffin motocin da ke cikin gida daraja ne kawai.

Wasu wurare sun nuna abin da wannan fasaha za ta iya zama. Unguwar Suame Magazine a Kumasi ta Ghana ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin gyara da ƙere-ƙere a Afirka ta Yamma. Nnewi ta tashi daga cinikin kayan gyara zuwa ƙera su, a can ne kuma kamfanin Innoson ke haɗa motoci. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin haya yana mayar da su masu lantarki. Shirin gwamnatin tarayya na mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, da aka ƙaddamar a 2023, shi ma a hannun kanikawa zai yi nasara ko ya faɗi, kuma tukunyar gas da aka haɗa da walda a gareji bam ce a bayan fasinja.

Ga matashin da ke bibiyar siyasa, tambayoyin da suka dace a yi wa masu neman ƙuri'a a bayyane suke: wurin gwajin mota na gaskiya kusa da garuruwa irin Ɗambatta, horo da takardar shaida ga kanikawa, rance mai sauƙi don sayen na'urorin binciken inji, da tsarin tattara matattun batura. Kuɗin motar da fasinja ke biya ranar Lahadi, da farashin kwandon tumatir a Kano, da adadin waɗanda ke rasa rai a hanyar Kazaure, duk suna da alaƙa da amsoshin.